Kafin a sayi katin girafik, a duba wutar da kwamfuta za ta iya ɗauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasanmu na Kano masu sha'awar wasannin kwamfuta, da kuma masu gidajen wasa da ke son sabunta na'urorinsu, game da zaɓen katin girafik, wato kayan da ake sokawa a cikin kwamfuta domin ya sarrafa hoton da ke fitowa a kan monita. Gyaran kwamfuta ita ce sana'ata, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda matashi zai daɗe yana tara kuɗi, ya nufi Beirut Road ko Farm Centre da sunan kati ɗaya a ransa wanda ya ji ana yabo a YouTube, ya biya, sai ya koma gida ya tarar kwamfutarsa ba za ta iya ɗaukarsa ba. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 duk kayan da ake shigowa da su da dala suka yi tashin gwauron zabi, saboda haka kuskure a irin wannan saye asara ce mai nauyi.

Shawarata ita ce a fara duba wuta kafin a duba sunan kati. Yawancin kwamfutocin da ke hannun matasanmu tsofaffin na'urorin ofis ne da aka shigo da su gwanjo, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, kuma sirara daga cikinsu akwatin wutarsu, wato sashen da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, bai cika wuce wat 180 zuwa 240 ba, domin an ƙera su ne don aikin rubutu da lissafi. Ramin PCIe da ake soka kati a ciki wat 75 kaɗai yake bayarwa. Duk katin da ya fi haka ci sai an ja masa ƙarin waya daga akwatin wuta, mai baki shida da ke ƙara wat 75, ko mai baki takwas da ke ƙara wat 150, kuma waɗannan sirarar na'urori galibi ba su da ko ɗaya. Mai irin wannan kwamfuta zaɓinsa bai wuce gajerun katuna da ke wadatuwa da wutar ramin ba, kamar GTX 1650, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai ma'ajiyar giga 6, sai dai idan ya shirya sauya akwatin wuta da gidan kwamfutar gaba ɗaya. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu gyara da su daina haɗa wa mutane ƙaramar wayar nan da ke jan wuta daga bakin SATA, wanda ke ba faifan ajiya wuta, zuwa kati, domin bakin SATA an yi shi ne don ɗaukar wat 54, kuma ɗora masa fiye da haka yana narkar da waya, har ya iya haddasa gobara.

Ko wanda akwatin wutarsa ke da ƙarfi ya kamata ya yi lissafi irin na mazaunin Kano. RX 580, wanda ya fito a 2017 kuma har yanzu ya cika kasuwa saboda araharsa, yana cin wat 185. RX 6600 na 2021 yana cin wat 132 alhali ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, shi kuwa RTX 4060 na 2023 wat 115 yake ci. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai bambancin wat 70, wanda mai kwamfuta ɗaya a ɗaki zai iya rainawa, amma mai gidan wasa da ke kunna na'ura goma na tsawon awa goma yunit bakwai ne yake ƙonawa a banza kowace rana, ga shi tun watan Afrilun 2024 masu layin Band A suna biyan fiye da naira 200 a kowane yunit. Wanda ke dogara da janareta ko inbata da batiri shi ya fi kowa jin wannan bambanci a aljihunsa.

Haka kuma duk wutar da kati ya ci zafi take komawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma kati idan ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu domin ya kare kansa, sai wasa ya riƙa sarƙewa mai shi yana zargin an sayar masa da jabu. Da hunturu kuma ƙura ke toshe ƙarafunan sanyaya. Saboda haka a wurinmu kati mai fanka biyu da ƙarancin cin wuta ya fi dacewa, a kuma riƙa hure ƙurar a kai a kai.

Sai batun abin da mutum ke bugawa. Mafi yawan matasanmu ƙwallo suke bugawa, EA Sports FC ko eFootball, sai GTA V, a kan monita mai 1080p da ba ta nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa. Ga irin wannan, RX 6600 ya isa har da saura, kuma kuɗin da za a ƙara don sayen babban kati gara a kashe su wajen cika ram, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, zuwa giga 16 da sayen SSD, faifan ajiya mai sauri, domin tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba za ta bari babban kati ya nuna ƙarfinsa ba. Mai son manyan wasannin da ke fitowa yanzu shi ne ya kamata ya damu da girman ma'ajiyar katin, tun da giga 8 ta fara yin kaɗan idan aka ɗaga ingancin hoto, kuma a nan RTX 3060 mai giga 12 yana da amfaninsa duk da cewa tun 2021 ya fito. Intel Arc B580 na Disamban 2024 shi ma giga 12 gare shi, amma ba na ba mai tsohuwar kwamfuta shawarar sayensa, domin ba ya sakin jiki sai madabod, wato babban allon da ake soka kati a jikinsa, na da tsarin Resizable BAR, wanda ke ba furosesa damar isa ga dukkan ma'ajiyar katin kai tsaye. A kuma tuna cewa tun daga zamanin GTX 1060 katuna suka daina zuwa da bakin VGA, wanda ake jona tsofaffin monita da shi, don haka mai tsohuwar monita ya tanadi kuɗin na'urar da za ta haɗa su.

Katunan gwanjo su ne inda aka fi cutar mutane. A watan Satumban 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sa a sabon kwali. Akwai RX 580 mai lakabin 2048SP, wanda a haƙiƙa ƙarfin RX 570 gare shi, akwai kuma jabun GTX 1050 Ti da aka yi daga tsohon GTS 450 ta hanyar sauya masa suna a ciki. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana nuna ainihin abin da ke cikin kati. Kada mai saye ya miƙa kuɗi sai an soka katin a gabansa, an buɗe wannan manhaja, an kuma kunna wasa mai nauyi na kimanin minti ashirin yana kallon zafi da juyawar fanka, yana duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su bayyana a hoton.

Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwar kwamfuta na Kano da su wajabta wa kowane shago ajiye kwamfutar gwaji mai ingantaccen akwatin wuta, a kuma riƙa rubuta lambar jikin kati da kwanakin garanti a kan rasit, ko da mako guda ne, yadda idan matsala ta ɓullo mai saye da mai sayarwa duka za su sami hujja a hannu.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Tarauni, Kano.