Sharaɗin "kada a yi sharri da ita" ba ya aiki a lasisin manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta daɗe tana raba kan masu rubuta manhajar kwamfuta: shin mutum zai iya sakin manhajarsa ga kowa, amma ya hana sojoji ko wani kamfani da yake ƙyamar halinsa amfani da ita?

Niyyar ba ta da laifi, sai dai a aikace ba ta haifar da ɗa mai ido. A ma'anar manhaja mai 'yanci da gidauniyar FSF ta Richard Stallman, mai fafutukar 'yancin manhaja, ke bi, 'yanci na farko cikin huɗu shi ne ka yi amfani da manhaja don duk abin da ka ga dama. Ƙungiyar OSI mai tantance lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka kafa a 1998, ita ma sharaɗinta na 5 da na 6 sun hana nuna bambanci ga mutane ko ga irin aikin da za a yi.

A 2002 Douglas Crockford, wani marubucin manhaja, ya ƙara jimla ɗaya a lasisin manhajarsa ta JSON (wani tsarin musayar bayanai tsakanin manhajoji), cewa a yi alheri da manhajar, ba sharri ba. Jimlar nan ta jawo ciwon kai na shekaru. Sashe na 6 na bugu na 2 na GPL, wato lasisin manhaja mai 'yanci na FSF, ya hana a ɗora wa mai karɓa wani ƙarin takunkumi, don haka fayil ɗaya mai wannan sharaɗi, idan aka haɗa shi da aikin GPL, ya isa ya hana a rarraba aikin duka. Debian, wata ƙungiya mai rarraba manhajoji masu 'yanci, ta ƙi ɗaukar lasisin JSON a matsayin mai 'yanci. Sannan wace kotu ce za ta fayyace mene ne sharri? Mugu dai ba ya karanta lasisi, mai bin doka ne ke ja da baya. Lasisin Hippocratic na 2019, mai hana amfani da manhaja wajen cutar da mutane, shi ma wannan katanga ya ci karo da ita.

Wasu za su ce ai GPL ma aƙida ce, kuma masu goyon bayan lasisin BSD, wanda sharuɗɗansa kaɗan ne, sun daɗe suna faɗin haka. Gaskiya ne. Amma sharaɗin GPL ana iya auna shi: ka rarraba manhajar, ka ba da rubutunta na tushe, wato ainihin umarnin da aka gina ta da shi, ko ba ka bayar ba? Babu ruwanta da abin da ke zuciyarka.

Ga matasa masu haɗa manhaja, kafin ku ɗauki aikin wani, ku buɗe fayil ɗin lasisinsa, ku kuma duba na duk ƙananan manhajojin da ya dogara da su, don a nan matsala ta fi ɓuya. Misali, lasisin Apache 2.0 yana haɗuwa da GPL bugu na 3 na 2007, amma ba ya haɗuwa da bugu na 2 zalla, wanda Linux, sananniyar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta, ke kai har yau. Aikin da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba kuwa, haƙƙinsa yana nan cif a hannun mai shi, sai kun nemi izininsa a rubuce.

Wassalam,
Wani mai karatu