Zuwa ga kamfanin da ya sayar mani da kayan ɗaga Hilux: ku zo ku ɗauki kwalinku

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe Manaja,

Walle ban so maganar ga ta kai ga rubutu a bainar jama'a ba, amma yau sati bakwai ke nan ina bugo muku waya, in yaronku ya ɗauka shi ce oga ya hita, in na tura saƙo ta WhatsApp in ga alamar an karanta sannan shiru awa an shuka dusa. Ban kama sunanku ba a nan, kun dai san kanku, rasit na hannuna kuma duk hirar da munka yi tana cikin wayata ban goge ko harafi guda ba.

Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato. Motata Hilux ce ƙirar 2012 mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayu huɗu duka su ja, da ita nike shiga fadamun Wurno da Goronyo da Kware, wani lokaci har Gada, in ɗauko kaya tun daga bakin gona. Wanda ya san hanyoyin ga ya san inda kwalta take ƙarewa, daga nan sai burji mai gargada, sai rairayi wanda manyan motoci sunka yi wa kwari biyu sunka bar tudu a tsakiya, shi tudun nan shi ne maƙiyina don in na yi lodi bayan motar ya zauna sai ka ji cikinta na gogar ƙasa. Da damina kuma sai laka. Abin da ya sa na shiga neman a ɗaga mani ita ke nan, inci 2 kawai nike so, ba don ado ba, ba don a kalle ni a shataletalen Dandima ba.

Na yi tambaya kafin in zo gare ku. Kowa Old Man Emu da Ironman yake kira mani, kayan Ostireliya, an ce su ne na gaske, to amma tun da anka saki naira a 2023 duk abin da ake sayowa da dala ya hi ƙarhin irinmu, da na ji kuɗɗin sai na ce a kai kasuwa. Ana haka na ci karo da tallarku a Facebook. Hoton na nan na adana: shokazoba huɗu, koyil-sifirin biyu na gaba, sifirin baya mai falle-falle guda biyu sababbi fil, da yubol da bushin an jera su bisa jan kyalle, an rubuta cikakken saiti na Hilux, inci 2. Kuɗɗin bai kai rabin na waɗancan ba. Na san araha ba ta ado, shi ya sa sau ukku ina tambayar yaronku, na ce abin da ke cikin hoton ga shi za a turo mani? Ya ce ƙwarai Alhaji. Na ce ina ɗaukar kaya masu nauyi hwa, ya ce ai don irinku anka yi shi. Bai tambaye ni shekarar motar ba, bai tambaye ni buhu nawa nike ɗorawa ba, ko akwai ƙarhen kariya a gaba, ko wace taya ke ƙasa, ba ko guda, lambar akawun kawai ya turo. Da ina da wayau da tun nan na gane, don mai sayar da sifirin da bai tambayi nauyin da za a aza masa ba bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani sarai bai damu ba.

Kunka ce kwana 5, kaya sunka yi kwana 19. Wannan na yahe, hanya ce. Ran da direba ya kira ni na tahi tasha da yara biyu don su kama mani, tunda na san sifirin bayan Hilux ya hi mita guda tsawo kuma mutum ɗaya ba ya ɗaukar biyu cikin daɗin rai. Sai direba ya miƙo mani kwali guda da hannu ɗaya. Na ce saura hwa? Ya ce Alhaji iyakarsa ke nan. Yaran nan har dariya sunka yi mani. A nan tasha na yage kwalin: zoben ƙarhe biyu waɗanda ake kira sifesa, bulo biyu na alminiyom, yubol huɗu, shokazoba biyu na baya masu launin ɗorawa ba suna ba lamba a jikinsu, ko takardar bayanin ɗauri babu. Ba koyil, ba sifirin baya, ba shokazoban gaba. Da na kira, a lokacin kuna ɗaukar waya da sauri, anka ce mani wai hoton na misali ne, wannan sabon samhuri ne kuma aikinsu ɗaya.

Ga nawa laihin, ba zan ɓoye shi ba: na yarda anka ɗaura. Kakar albasa ta kama, kuɗɗina sun riga sun tahi, na ce bari in gwada. Bakanikena a Buzaye, mutumin da ya hi shekara goma yana taɓa motar ga, tun da ya juya sifesar a hannunsa ya yi tsaki. Ya sa ma'auni ya ce milimita 35 ce kaurinta. Na ce to ai bai ma kai inci 2 ba, tunda inci 2 milimita 50 ne da ɗan ɗoriya. Ya ce Alhaji ba haka lissahin yake ba, gaban Hilux irin wannan ba aksul ɗaya ba ne, kowace taya da hannuwanta biyu sama da ƙasa, shokazoba kuma wajen tsakiyar hannun ƙasa yake zaune ba a bakin taya ba, don haka duk abin da ka ƙara a kansa kusan ninki biyu yake hitowa a taya. Mai son inci 2 sifesa mai kamar milimita 25 yake sawa. Taku ta ɗaga gaban kusan inci 3. Ashe ko awon abin da kunka turo ba ku sani ba.

Da anka sauke ta daga jak, gaskiya ta yi kyau, ta miƙe awa raƙumi, masu shayi na ta sambarka. Kallon kitse munka yi wa rogo. Mai alaimen ya kwashe wajen awa biyu yana juya notika, ƙarshe ya ce iyakar inda za su je ke nan, tayun gaba ba za su koma daidai ba sai an sake hannun sama da irin wanda anka yi don motar da anka ɗaga, shi kuma ba ya cikin kwalinku, ba ku ma taɓa ambata shi ba. Sitiyari ya zama sakwaf, in na sha kwana ba ya dawowa da kansa awa da, a kwaltar Kware in na ɗan taka sai motar ta riƙa yawo ina tarbo ta. Ga hitila ta koma haska saman itace, duk wanda munka yi kiciɓis da dare sai ya watsa mani tasa.

Cikin sati na biyu na hwara jin ƙwas ƙwas a gaba duk lokacin da taya ta hwaɗa rami. Munka hau ramin gareji da tocila, bakanike ya nuna mani inda hannun sama ke dukan koyil har ya goge fenti ya bar ƙarhe na ƙyalli, boljoyin ya karkace iyakar karkacewarsa, robar shaf (ƙarhen da ke juya tayar gaba) ta dama ta tsage giris ya yi feshi ko'ina cikin rim baƙi ƙirin, kuma kun san rairayinmu, da ya samu ƙofa ya shiga ya gauraya da giris shi ke nan sai niƙa. Shaf ɗin Toyota na asali da ya yi shekara da shekaru bai taɓa kuka ba, sati biyu kayanku sunka kashe shi.

Baya kuwa ya hi ban haushi, don can ne ainihin abin da ya kai ni gare ku. Bulo tsakanin sifirin da aksul ake cusa shi, yana ɗaga bodi amma ba ya ƙara wa sifirin ƙarhi ko na sisin kwabo, tsohon sifirina da ya gaji shi ne dai ke ɗauke da kayan, da na yi lodi sai ta zauna awa yadda ta saba, sai dai yanzu gaba na sama baya na ƙasa awa kwalekwale. Shokazoban naku munka jera su da tsohhin da anka cire, tsawonsu ɗaya cif, alhali an nisanta aksul da bodi, to in motar ba kaya kusan a miƙe suke ƙarshensu, kowane tudu sai ka ji gum. Na hagu ya hwara zubar da mai kahin wata. Yubol ɗin ma da ƙyar noti ya cika zare. Sannan akwai wani bawul na birkin baya a motoci irin tawa marasa ABS (na'urar da ke hana tayu ƙamewa in an taka birki), wanda ke auna nauyin kaya ta tazarar da ke tsakanin bodi da aksul, in an ɗaga mota ba a gyara masa zama ba sai shi ɗauka ba kaya shi rage wa tayun baya birki. Wannan a bakin bakanike na ji shi, bayan na kai masa ƙarar cewa birki ya yi tsawo. Ku da kuke kiran kanku ƙwararru ko a hira ba ku hwaɗa ba, kuma wannan maganar rai ce ba ta kuɗɗi ba.

Ranar da ta sa na zauna rubutun ga, na taso daga wajen Goronyo da lodi bayan azahar, zahin watan Afrilu wanda ko sitiyari ba ka iya riƙewa da kyau. Na shiga wani rairayi na sa ogzilari na ba ta wuta, sai na ji bayan na tsalle daf daf daf sannan wani ƙara ƙau. Da munka hito kan tauri sai motar ta koma tahiya a karkace awa kare, sitiyari na kallon gabas mota na nuhin arewa. Na duƙa ƙasa, yubol na hagu ya saki, ɗan ƙusar da ke riƙe bulo a mazauninsa ya gutsure, aksul ya ja baya taya ta kusa cin bodi. Ranka shi daɗe, kai kana ofis cikin sanyin esi, amma tambayi kowane Basakkwace, hanyar gabashin jihar ga a shekarun nan ba wurin da mutum ke son magariba ta iske shi tsaye ba ne. Ni da yarona da wasu bayin Allah manoma munka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya a rana, munka ɗaga ta bisa jak da itace, munka buga aksul ya koma munka ɗaure da abin da ya samu. Uwar ɗiyana ta kira ni ya hi sau goma. Albasar sai washegari wata mota ta kwaso ta, na biya haya, wadda ta sha rana kuma dole na karyar da ita a kasuwar Kara.

Da na turo muku hotuna amsa guda kunka ba ni, wai bakanikena ne bai iya ɗauri ba, mu 'yan Sakkwato ba mu saba da irin kayan ga ba. To madalla. Shi ya ƙara wa sifesa milimita 10? Shi ya rage tsawon shokazoba? Ko shi ya cire sifirin daga cikin kwali tsakanin shagonku da tasha?

Wani abin da na koya da kuɗɗina, kuma da kun hwaɗa mani shi tun farko da na gode muku ko ban sayi komi ba: duk ɗagawar ga ba ta ɗaga tukunyar aksul ɗin baya, ita taya kaɗai ke nisanta ta da ƙasa. Tayata 265/65R17 ce, in na koma 265/70R17 wadda ta ɗan hi ta tsawo, ɗagawar da zan samu wajen milimita 13 ne, kaɗan ne amma na gaskiya ne. Abin da motata ke buƙata tun asali sifirin baya mai ƙarhi daidai nauyin da nike ɗauka da shokazoba masu tsawon da ya dace, gaba kuma a ɗaga shi kaɗan ko a bar shi yadda Toyota ta yi shi. Yanzu haka munka yi, an kwance kayanku kaf, an ƙara mani falle a sifirin baya, na sayi shaf na hannu da boljoyin biyu, tayun gaba biyu da sunka cinye ta gehe guda suna jiran canji.

Ba na jayayya da ku don kayanku na araha ne, sifesa da bulo ana sayar da su ko'ina kuma mai yawon cikin gari da mota ba kaya yana iya sawa shi zauna lahiya in awonsu daidai ne. Ku kira su da sunansu, ku sa hotonsu, mai so shi saya. Amma ku nuna sifirin ku karɓi kuɗɗin mutum ku aiko masa da bulo, wannan a kasuwarmu sunansa algus, ko a buhun albasa ka jera manya a baki ka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa sai shugabannin kasuwa sun zaunar da kai.

Abin da nike nema: ku maido mani kuɗɗina cikakku, ku biya shaf da boljoyin da tayu biyu, rasit ɗinsu na nan. Hayar mota da asarar albasa na bar wa Allah, tunda da hannuna na ce a ɗaura. Kuma ku sauke hoton nan, don shekaranjiya na duba yana nan bisa jan kyallensa, har na ga wani daga Illela yana tambayar farashi. Na ba ku kwana 14. In sun cika ban ji komi ba zan kai takarduna hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma a rubutu na gaba da sunanku da hoton shagonku zan hwara.

Kayanku na cikin kwalinsu a shagona, har da gutsuren ƙusar na ƙulle a leda na sa ciki. Ku hwaɗa mani tashar da zan kai da sunan direban da zai karɓa, kuɗɗin aike kuma ku za ku biya.

Wassalam,
Mai Hilux ɗin albasa, Sakkwato