A duba inda lambatun Gombe ke zubar da ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana a kan zaizayar ƙasa a garin Gombe. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 garin yake ta faɗaɗa, alhali a cikin kwari yake zaune, ƙasarsa rairayi ce, ruwa kuma daga tudun Akko yake gangarowa ya nufi gabas.

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Kwanon gida mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwa milimita 40 a dare guda, lita 6,000 zai zubar, wato jarka 240 mai cin lita 25. A da ƙasa ke shanye mafi yawansa. Yanzu kowa ya dabe tsakar gidansa da siminti, sai ruwan ya fita titi gaba ɗaya.

Babbar ɓarnar a bakin lambatu take. Sai a gina shi da kankare, santsinsa ya ƙara wa ruwa gudu, sannan a katse aikin inda kwalta ta ƙare, a saki ruwan a kan rairayi tsirara. Ruwan yakan haƙe ƙarƙashin bakin, kankaren ya rasa madogara ya karye, ramin ya riƙa cin baya yana bin gangare zuwa sama har ya iso gindin gidajen mutane. Kamata ya yi a kai kowane lambatu har cikin rafi, a yi masa kwarmin kankare da zai karya ƙarfin ruwan, a jera duwatsu cikin ragar waya, a dasa jema layi-layi a gicciye da gangaren, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Itatuwan shirin 3G (Gombe Goes Green, shirin dashen itatuwa na gwamnatin jiha) suna da amfani, amma dashe ba ya tsayar da ramin da lambatu ke ɗura wa ruwa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Don haka ina roƙon GOGIS, wato hukumar kula da bayanan filaye ta jihar, da hukumar tsara birane kada su amince da yankan fulotai sai an fara shata hanyar ruwa a taswira an kafa mata turaku a ƙasa. Mai neman izinin gini shi ma a wajabta masa rijiyar shanye ruwan kwano, nesa da tushen gini da aƙalla mita 5.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe