Labaran masarauta da yaranmu ke karantawa a waya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan labaran masarauta ɗin nan da suka cika WhatsApp da Wattpad, waɗanda 'yan matanmu na sakandare ke kwana a kansu.

Ni fa ba na cikin masu cewa a hana yara karatun labari, yarinyar da za ta zauna ta cinye shafi ɗari da Hausa ai sai a yaba mata. Damuwata kusan duk labarin ɗaya ne, Yarima miskili ba ya magana ba ya dariya, ga kuyanga kyakkyawa wadda a ƙarshe za a gano ashe 'yar sarki ce aka sace tun tana jaririya, ga Fulani, wato matar sarki, muguwa da bokanta a bayan dutse, Jakadiya kuma tana kai gulma tana kawowa, shikenan wai an rubuta tarihi. Zamanin ma ba a sani ba, yau ana yaƙi da takobi gobe Yarima ya hau jirgi zuwa Dubai.

Alhali in rikicin fada ake so wallahi na gaskiyar ya fi daɗi. A duba basasar Kano, Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba suka fice suka yi Takai ƙarƙashin Yusufu, Yusufun ya rasu ana tsaka da yaƙi, ɗan'uwansa Alu ya karɓi tuta har ya ci birni a 1894. 'Yan gida ɗaya ne fa, jikokin Sarki Ibrahim Dabo. Ko bayin sarki ma, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama manyan mutane ne masu faɗa a ji a fada, amma a littattafan nan bawa aikinsa kawai ya zube ya ce Allah ya ja zamaninka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shafukan ɗaki. Marubuciya za ta rubuta a sama wai na matan aure ne, a tura kuɗi a shiga gurup, to wa ke duba shekarun mai turawa? Kafin kwana biyu wata ta fitar da shi ya zaga ko'ina. Kuma sau da yawa Yarima fin ƙarfi yake wa kuyangar nan, daga baya a ce so ne ya jawo, har a yi biki. 'Yar shekara 14 ce ke karanta wannan.

Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano ba ta iya bin waya ɗaya-ɗaya. Shi ya sa nake roƙon jaridarku ta ware shafi ko sau ɗaya a wata, a ɗauko littafi guda a yi sharhinsa, a faɗi inda ya yi wa tarihi ƙarya, a kuma faɗa wa iyaye shekarun da ya dace da su.

Taku,
wata malamar makaranta, daga Kano