Hausawan Legas, ina muka shiga ranar tarihi?

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mazauna Ikko.

Shekara 31 ke nan ina sayar da goro a Agege, amma ban taɓa taka gidan tarihi na Onikan ba sai bana. Shi ma jikata ce ta tasa ni gaba. Malaminsu ya faɗa musu duk 18 ga Mayu ake bikin ranar gidajen tarihi ta duniya, ta yi ta naci har na bar wa yaro rumfa.

Abin da ya kai ni, gaskiya, motar Janar Murtala ce, baƙar Marsandin da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976. Na daɗe ina kallon ramukan harsashin. Ita kuwa yarinyar gaban wani kai na gasasshen yumɓu ta toge, mai hudajjun idanu da gyaran gashi kamar jiya aka yi. Na mutanen Nok ne, ya haura shekara 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsa a 1928 a kudancin Kaduna ta yau. Ta ce, "Kaka, gunki ne?" Na ce mata ba bauta muka zo yi ba, aikin hannun magabata muka zo gani.

Ga 'yan makaranta cike da wuri, amma ban ji bakin Bahaushe ko ɗaya ba. Yawancinmu gidan gumaka muke ce wa wurin, shi ke nan mun rufe babi. Alhali a 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8,000. Da ya faskara shi ya hura wuta fa?

Ni kaina ban tsira ba. Mahaifina ya bar mini adaka cike da wasiƙun ajami na cinikin goro, wa ya aiko huhu nawa, wa ake bi bashi. Na jefa ta ƙarƙashin gado, laimar Legas da gara suka gama da su.

Roƙona ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12: ku gayyato masanan gidan tarihin nan ƙofar fada, bayan la'asar, a yi bayani da Hausa, limamai na zaune. Kowa ya fito da abin da ya gada, a nuna mana yadda ake adana shi. Wasiƙu bakwai suka rage mini, suna nan cikin leda, ni zan fara kawowa.

Naka,
Wani mai goro, Agege, Legas