Musabahar shugabanni: ku bi mana sawun abin da ke biyo bayan hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina so in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ke ƙaruwa a kafafen labaranmu na Hausa. Da zarar shugabanni biyu sun gaisa, sai a shiga sharhin wa ya fara miƙa hannu, wa ya matse, wa ya jawo ɗan'uwansa, daga nan a yanke hukuncin wanda ya fi ƙarfi.

Lallai akwai magana a ciki, domin su kansu shugabannin sun san kyamara na kansu. A Fabrairun 2017 Donald Trump ya riƙe hannun Firaministan Japan, Shinzo Abe, har daƙiƙa 19 a fadar White House, yana ja yana bubbuga bayan hannun. A watan Mayun shekarar, a birnin Brussels, Emmanuel Macron na Faransa ya zo da shirinsa, ya damƙe hannun Trump har gaɓoɓin yatsu suka yi fari, Trump na neman zamewa shi kuwa yana ƙara riƙewa. Daga baya Macron ya faɗa wa wata jaridar ƙasarsa cewa da niyya ya yi. Duniya ta ce Macron ya yi nasara. Mako guda bayan nan, ranar 1 ga Yuni, Trump ya sanar da fitar da Amurka daga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris, wadda Macron ke ta ƙoƙarin ganin ya zauna a cikinta. To ina amfanin damƙar?

Kuma wannan ma'auni na Turawa bai ma dace da mu ba. A wurinmu yaro mai tarbiyya yakan jira babba ya miƙo hannu, sannan ya rusuna ya karɓa da hannu biyu, ko ya tallafe damtsen damansa da hagu, in an saki ya kai hannun ƙirji. A fada kuwa talaka ba ya miƙa wa sarki hannu. Faɗuwa yake yi ya yi gaisuwa ko ya yi jinjina, dogarai su amsa masa da "Sarki ya gaishe ka". Wanda bai motsa ba shi ne mai iko. Duk da haka, ko rusunawar ba ta zama shaida ba. 'Yan siyasa nawa muka gani sun durƙusa gaban ubangidansu na siyasa har hula na neman faɗuwa, suna hawa kujera suka daina ɗaga wayarsa?

Ni a ganina, musabahar da ta cancanci shafin farko ita ce wadda mai yin ta ya san za ta jawo masa asara, ya kuma yi. Ranar 13 ga Satumban 1993 shugaban Falasɗinawa Yasser Arafat ya miƙa hannun sulhu a harabar White House, Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin ya ɗan yi jim kafin ya karɓa, shugaban Amurka Bill Clinton na tsakaninsu. A Nuwamban 1995 wani Bayahude ɗan ƙasarsa mai adawa da sulhun ya harbe Rabin. Falasɗinawa kuma har yau suna ƙarƙashin mamaya. A Kenya, ranar 9 ga Maris 2018, shugaba Uhuru Kenyatta da madugun adawa Raila Odinga suka gaisa a matakalar Harambee House, ofishin shugaban ƙasa, bayan rikicin zaɓen 2017, zanga-zanga ta lafa, amma gyaran tsarin mulkin da suka ƙulla a kai Kotun Ƙoli ta rushe shi a 2022.

Namu na gida shi ya fi damuna. Bayan zaɓen 2011, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa. Da wannan fargabar aka tunkari 2015. Ranar 14 ga Janairu, Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja a gaban Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, da Emeka Anyaoku, tsohon babban sakataren ƙungiyar Commonwealth, suka gaisa, suka rungumi juna. Abin da ya ba hoton nan nauyi shi ne wayar da Jonathan ya buga ranar 31 ga Maris yana amsa shan kaye tun kafin a kammala sanar da sakamako. Da bai buga ba, da yanzu babu mai tuna rungumar.

Tun daga lokacin sa hannu da musabaha suka zama al'ada kafin kowane zaɓe, ƙarƙashin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, har a jihohi. Abu ne mai kyau, ina goyon bayansa. Sai dai manyan suna gaisawa a zauren taro, su haɗu a ɗaurin auren 'ya'yansu suna dariya, alhali da daddare sojojin bakansu na kan rediyo suna cin mutuncin juna, 'yan dabansu na yawo da gora da barandami. A unguwanni akwai maƙwabtan da suka daina zuwa jana'izar juna saboda 'yan takarar da su tuni suka shirya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Manzon Allah (SAW) ya yi bushara da gafara ga Musulmi biyun da suka haɗu suka yi musabaha, kuma bai kamata mu bari ta koma kayan ɗaukar hoto ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, duk lokacin da kuka buga hoton 'yan siyasa na musabahar sulhu, ku rubuta ranar ku ajiye. Bayan wata uku ku tura wakilinku mazaɓunsu. Ya tambaya ko an janye ƙararrakin da aka kai magoya bayan juna, ko an biya wanda aka ƙona wa shago, ko masu zagi a rediyo sun daina. Abin da ya samo ku buga shi a shafin da kuka buga hoton, da sunayen waɗanda suka gaisa.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya