Wasiƙa zuwa ga ɗana a Fatakwal

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah, gero ya fara ƙosawa.

Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗi. Sai dai ka turo shi ta hannun mai POS na bakin kasuwa, ba ka ce wannan na wane ba, wancan na wance. Gwaggonka ta sa rai da rabonta a ciki, innarka kuwa ta ɗauka duk kuɗin maganinta ne. Har yanzu gaisuwarsu sama-sama take.

Kakanka, lokacin da yake harkar goro a Sabo ta Ibadan, bai taɓa cusa kuɗi tsurarsu a ambulan ba. Masu yin haka sukan naɗe takardar fam a cikin kabon don kada a hango ta in an ɗaga wasiƙar a rana, duk da haka wani lokaci ambulan ya iso a manne, ciki wayam, kuma ba wanda za ka kama. Shi gidan waya yake zuwa ya sayi fasal oda, wato takardar aika kuɗi, ya biya 'yar la'ada, a rubuta sunan mai karɓa da gidan wayar da za a biya shi. Gefen takardar mai ɗauke da lamba sai ya yage ya ajiye a gafakarsa. Sannan ya yi wa wasiƙar rajista: a gicciya shuɗin layi a bayan ambulan, a ba shi rasit, kuma ba za a miƙa ta ba sai mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Bai tsaya nan ba. Yakan biyo da wata wasiƙa daban, mai kan sarki kawai, ya faɗi lambar fasal odar da adadin kuɗin, ya kuma kasafta su: fam ɗaya na haraji, sule goma na cefanen kakarka, sule biyar a kai wa malamin allo. Ta akwatin makarantar firamare take zuwa, hedimasta ya ba ni, in zauna a tsakar gida in karanta kowa yana ji. Abin da ba na kunnen yara ba ne yakan rubuta da ajami, liman ya karanta wa kakarka. Da aka koma naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai ya riƙa rubuta lissafin kashi biyu, domin tsofaffin gidanmu sun ƙi sakin sule. Saƙon yakan jima a hanya, amma ban taɓa jin an yi gardama a kan kwabo ɗaya ba.

To, daga yau ka riƙa turowa ta asusun ƙanenka. Kafin ka tura, ka kira innarka da kanka, ka gaishe ta, ka faɗa mata nawa ne da yadda za a raba. Ka ajiye rasit a wayarka. Ka kuma ja wa ƙanenka kunne: duk wanda ya kira shi ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirri, ya kashe wayar kawai.

Gwaggonka kuwa, ka neme ta cikin makon nan, ko da ɗan na goro ne. Kuɗin jarrabawar ƙanwarka ƙarshen wata za a rufe karɓa. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Mahaifinka